Bodarin da Ya Fito da Rana

Twyla Unruh na durƙushe a gefen barandar gidanta, kai da kafaɗu a ƙarƙashin katako, tana duba garin fulawar da ta barbaɗa a bakin ramin tun jiya. Sawu ya fita, bai komo ba. Yatsu biyar-biyar da 'yan zanen farata a gaba, duk sun nufi shinge. Ta haska tocila can ciki. Babu komai sai busassun ganyaye, da tsummokaran da ta jiƙa da amoniya mai kaifin wari, da 'yar rediyon da ta bari tana surutu kwana uku don ta hana baƙon sakat. Ta kashe rediyon, ta jawo ragar waya ta soma buga ƙusa.

Gida na goma sha ɗaya ke nan da aka toshe a layin Sycamore tun da takardar hukumar lafiya ta iso. Makonni shida da suka wuce aka tsinci mushen bodari a bayan coci, aka kai kansa gwaji, sakamako ya dawo da ciwon haukan kare. Daga ranar kowa ya shiga taitayinsa. An sa wa kwandunan shara murfi mai makulli, an daina barin kwanon kare a waje, an janye itacen wuta daga jikin bango. Twyla tana tuƙa motar 'yan makaranta daga Litinin zuwa Juma'a, ta san kowa a wannan ɗan gari na yammacin Kansas, shi ya sa kwamitin unguwa ya ɗora mata bin gida-gida da takarda. Gida ɗaya ne ya gagare ta, shi ne kuma ke kallon nata.

"Kin bar rata a kusurwa," in ji wata murya daga tsallaken titi. "Ko ɓera mai ciki zai wuce ta nan."

Ba sai ta juya ba. Mista Orrin Dreiling ne, zaune a kujerarsa ta baranda. Shekarunsa tamanin da ɗaya. Shi ya koya mata aikin katako a sakandare shekara arba'in da suka shige, kuma har yau bai daina ba ta maki ba.

"Ina kwana, Mista Dreiling."

"Kwana ya yi nisa, sha ɗaya ake nema. Kin binne gindin ragar? In ba ki binne ba tonawa za su yi."

"Na binne. Zurfin ƙafa guda."

"To kin fi Bev ta kusurwa. Ita nata kamar labulen banɗaki."

Twyla ta cire ƙusa daga bakinta. "Da za ka bari in zo in yi maka naka, sai ka ba ni makin da hujja."

"Nawa ba ya buƙata."

"Kwanon da ke ƙarƙashin matakalarka fa?"

"Na kyanwa ne."

"Kyanwarka ta mutu tun bara waccan."

"To na mai rabo ne."

Ta girgiza kai ta koma kan aikinta. Kowa a layin ya san kwanon. Matarsa Vernell ce ta fara ajiye shi, kuma tun da aka binne ta shekara huɗu da suka wuce bai taɓa kwana babu abinci ba. Sau uku Twyla ta kai masa takardar hukuma, sau uku ya karɓa ya gode ya ɗora kofinsa a kai. Yau ta lura yana sanye da rigar sanyi duk da zafin watan Mayu, amma ba ta kawo komai a ranta ba. Tsofaffi haka suke.

Karen Bev ne ya fara. Ya yi haushi kamar zai tsinke sarƙa, sai kuma ya yi ɗif, ta ji ƙarar sarƙar yana janta zuwa cikin ɗakinsa. Twyla ta zaro kanta daga ƙarƙashin katako ta duba titi.

Bodari ne, yana tafe a tsakiyar kwalta da rana tsaka.

Ko ɗan firamare a garin ya san bodari ba ya fita da rana. Wannan baƙi ne wulik da fararen layuka biyu a gadon baya, jelarsa na jan ƙasa. Ƙafarsa ɗaya ta baya ba ta yi masa biyayya. Ya yi taku biyar ya faɗi gefe, ya tashi, ya kai wa tayar wata mota cizo, ya riƙe yana girgiza kai. Sannan ya saki, ya ɗaga hanci, ya juyo inda ƙarar guduma ta fito.

Lafiyayyen bodari in ya ga mutum yakan buga ƙafafun gaba a ƙasa, ya ɗaga jela, ya ba ka lokacin ja da baya. Wannan bai yi ko ɗaya ba. Babu ma wari. Iskar layin ƙamshin yankakkiyar ciyawa kawai take ɗauke da shi, kuma wannan ne ya fi tayar mata da hankali. Ya hau kan ciyawarta, bakinsa a buɗe, yawu na zuba ta gefe.

Ta yunƙura za ta miƙe, bakin ragar ya kama mata riga ta baya. Ta fizga, ya ƙara shiga. Bango a hagunta, nannaɗaɗɗiyar raga a damanta, gwiwoyinta kuwa na mace 'yar hamsin da shida ne. Tsakaninta da dabbar bai fi taku takwas ba.

"Kada ki motsa, Twyla."

Mista Dreiling ya riga ya ƙetaro titi, riƙe da bahon ƙarfen da yake tara ruwan sama. Ba gudu yake ba, amma bai tsaya ba. Ya zagayo ya shiga tsakaninsu.

"Zo nan, ɗan tsoho," ya ce da dabbar, a hankali. "Ni ne. Zo nan."

Bodarin ya juya gare shi. Twyla ta yi zaton daga nesa zai kifa bahon. Sai ta ga ya sunkuya ya sa hannunsa na dama tsirara ya tura shi ƙarƙashi, kamar mai tura ɗan kwikwiyo. Haƙoran suka kama shi a gindin babban yatsa, suka saki, suka sake kamawa. Bai yi ƙara ba. Ya yarfe hannun, ya danna bahon ƙasa, ya zauna a kai yana haki.

Ta yage rigar ta tashi. Ta kwaso bulo uku daga gefen lambu suka ɗora a kan bahon, sannan ta ja shi zuwa famfon waje ta buɗe ruwa, ta ruga ciki ta ɗauko sabulu. Takardar ta ce minti goma sha biyar. Ta sa safar hannu ta wanke-wanke ta riƙe hannun a ƙarƙashin ruwa tana cuɗawa, jini na bin kumfa. Shi kuwa ya kau da kai can gefe, ya runtse ido, muƙamuƙinsa a ɗaure.

"Da zafi?"

"Yi aikinki."

Daga cikin bahon suna jin ƙarar haƙori a jikin ƙarfe, ƙas, ƙas, ƙas, ba hutawa.

Da ta naɗe masa hannun da tawul ta ɗauko waya, sai ya ce, "Ba za ki kira kowa ba."

"Zan kira."

"Saurare ni tukuna. In kin kira hukuma za su rubuta. In sun rubuta, sai asibiti. Asibiti kuma su kira ɗana Wendell. Tun da na faɗo daga tsani a kaka yake yawo da takardun gidan tsofaffin nan na Denver a motarsa. Dalili ɗaya yake jira. Ga shi kuwa an kawo masa har gida: ubansa ya kama bodari da hannu."

"Ai saboda ni ka kama."

"Ba zai ji wannan ba. Ɗana ne, na san kunnensa."

"Mista Dreiling, ciwon nan ba ya barin kowa."

"Na sani. Na karanta takardarki. Sau uku kika kawo."

"To me kake so in yi? In zuba maka ido daga tagar kicin?"

Ya juya kai. Yana kallon barandar gidansa, da kujerar da ya bari tana lilo. Twyla ta tsaya da wayar a hannu. Mutumin nan ne ya sassaƙa mata akwatin gawar mijinta da hannunsa, bai bari ta je shago ba. Yanzu kuma ya sa hannunsa a bakin da ya nufo fuskarta. Abu ɗaya ya roƙa. Ta juya masa baya ta buga lambar.

Minti ashirin bayan haka farar a-kori-kurar gunduma ta tsaya a bakin ciyawa. Araceli Bustos, jami'ar kula da dabbobi, ta fito da safar fata har gwiwar hannu da doguwar sanda mai allura a baki. 'Ya'yanta biyu motar Twyla suke hawa kowace safiya. Ta tsaya ta saurari bahon na ɗan lokaci.

"Tun yaushe yake wannan?"

"Tun da aka kifa," in ji Twyla.

"Ya yi feshin warinsa?"

"Ko kaɗan."

Araceli ta gyaɗa kai kamar amsar da take jira ke nan. Ta ce su ja baya zuwa matakala. Ta ture bulo ɗaya, ta ɗaga gefen bahon da ƙafa, ta zura sandar. Ƙarar ta ɗan ƙaru, ta ragu, ta tsaya. Da ta sa mushen a jaka biyu ta rufe a akwatin ƙanƙara, sai ta ɗauko littafinta.

"Na huɗu ke nan a gundumar nan cikin wata ɗaya. Wa ya taɓa shi?"

Mista Dreiling ya riga ya cusa hannun, da tawul da komai, cikin aljihun rigar sanyinsa. "Babu kowa. Baho ya taɓa shi."

Araceli ta dubi aljihun. Wani jan tabo ya fara fitowa a jikin ulun. Sai ta mai da idonta kan Twyla.

"Ya cije shi," in ji Twyla. "Hannun dama, sau biyu."

Ta yi zaton zai yi fushi. Kallon da ya yi mata ba na fushi ba ne, na gajiya ne. "Tun tana aji uku take kai ƙara," ya ce da Araceli. "Ba ta canza ba."

"Gara da ba ta canza ba, Mista Dreiling. Sakamakon gwaji sai Talata, amma kada ku jira Talata. Ku tafi yanzu. Zan kira asibiti in ce kuna hanya." Ta rufe littafin. "Kuma da yamma zan dawo in sa tarko a ƙarƙashin barandarka. Wannan karon ba roƙo ba ne."

"Akwai 'ya'ya a ciki. Biyar. Idonsu bai gama buɗewa ba."

"Wannan ce uwar?"

"A'a. Uwar tana da yagaggen kunne." Ya dubi matakalarsa. "Kwana biyu ban gan ta ba."

Araceli ta juya ta dubi layin, daga kusurwar Bev har coci. Gidajen katako masu fenti, ciyawa a yanke, kekunan yara a jingine da shinge. Ta sake buɗe littafin ta rubuta wani abu.

Asibitin yana hedikwatar gunduma, tafiyar minti arba'in. Hanyar miƙe take sak tsakanin gonakin alkama, kore shar har iyakar gani. Daga yamma hadari ya fara haɗuwa, ƙasansa na ɗaukar wani launi mai kama da tsanwa. Twyla ta kunna rediyo ta ji ana maganar ƙanƙara da iska, ta kashe. Mista Dreiling ya ɗora hannun a cinya yana kallon taga.

"Shekara goma sha biyu suna haihuwa a ƙarƙashin barandar nan," ya ce, bayan sun wuce rumbunan hatsi. "Ba su taɓa yi mana feshi ba, ko sau ɗaya. Vernell takan zauna a matakala da yamma su fito su wuce ta kan ƙafarta. Tana cewa sun fi wasu 'yan coci ladabi."

"Na tuna."

"Ba su da mugunta, Twyla. Tsutsa suke ci, da fara, da ɓera. Ciwon ne mugu."

"Ban ce suna da mugunta ba. Na ce kada su kwana inda yara ke wasa."

"Na san abin da kika ce."

Suka ƙara tafiyar mil biyar. Sannan ya ce, "Abu ɗaya. Kin kira hukuma, ya wuce. Wendell kuwa ki bar mini shi."

"Ba zan kira shi ba."

"Ki faɗa da kyau."

"Na yi alkawari ba zan kira Wendell ba."

A teburin karɓar marasa lafiya aka ba su takarda. Da yake hannun damansa a naɗe yake, ita ta cike. Da ta zo gurbin wanda za a kira in wani abu ya faru, ta ji idonsa a kan alƙalamin. Ta rubuta sunanta da lambarta, a gurbin dangantaka ta sa maƙwabciya. Ya sauke numfashi.

Dakta Pham matashiya ce, 'yar siririya, mai saurin hannu. Ta buɗe tawul ɗin ta duba ramukan haƙori huɗu, ta yaba wankin da aka yi. Ma'aikaciyar jinya ta gwada zafin jikinsa ta ce ya ɗan hau.

"Rana ce," in ji shi. "Tun safe ina baranda."

"Da wannan rigar?"

"Ke ma in kin kai tamanin za ki sa biyu."

Likitar ta yi murmushi ta jawo kujera. Ta yi musu bayani dalla-dalla. Za a yi masa allurai a kewayen ciwon yanzu, da wata a kafaɗa, sannan ya dawo bayan kwana uku, da bakwai, da goma sha huɗu.

"Kun zo a kan lokaci," ta ce. "Ƙwayar cutar a hankali take bin jijiya, tana ɗaukar makonni kafin ta isa ƙwaƙwalwa. In dai an yi allurar kafin alamu su fara, muna gabanta. Shi ya sa ba ma jira."

"In sun fara fa?" ya tambaya.

"Ba za mu bari a kai can ba."

"Tambaya na yi, Dakta. Malami ne ni."

Ta dube shi. "In sun fara, abin da ya rage mana shi ne mu rage wa mutum wahala." Ta ɗauki sirinji. "Wata dabba ta taɓa cizonka ko ta yage ka kafin yau? Jemage, kyanwa, komai?"

"A'a."

"Ba ka jin sagewa, ko ƙaiƙayi a wani wuri?"

"A shekaruna ko'ina sagewa yake. A'a."

Allurai shida aka zagaya wa gindin yatsan. Twyla ta kau da kai a ta uku, shi kuwa ya zuba musu ido kamar hannun wani ne. Da aka gama, ma'aikaciyar jinyar ta kawo masa ƙwayoyi biyu na hana ciwon ruɓewa da ruwa a kofin takarda. Ya karɓi ƙwayoyin ya sa a aljihu, ya ajiye kofin a kan tebur, can nesa da shi.

"Sai na ci abinci. Suna tayar mini da zuciya in ciki babu komai."

Ƙarfe huɗu da rabi suka fito. Hadarin ya rufe rabin sama, amma ko ɗigo bai sauka ba, kuma iska ta tsaya cak. Twyla ta ji kafaɗunta sun saki a karon farko tun safe. Ta fara lissafin ranakun: Talata za ta kawo shi bayan ta sauke yara, Asabar ba matsala, ta ƙarshen ma Asabar ce. A gidan man da ke bakin gari ta tsaya, ta shiga ta sayo burodi mai nama guda biyu da ruwan gora mai sanyi.

"Ga abincin," ta ce da ta dawo mota. "Babu sauran dalili. Ci ka sha maganinka."

Ya gutsuri burodin kaɗan, ya daɗe yana taunawa. Ta tayar da mota suka hau hanya. Ya matse gorar tsakanin gwiwoyinsa ya buɗe da hannun hagu, sannan ya zauna yana kallonta. Sun wuce gona ɗaya, sun wuce ta biyu.

"Mista Dreiling, ruwa ne, ba jarrabawa ba."

Ya ɗaga gorar. Tana kaiwa leɓɓansa wuyansa ya ɗaure, jijiyoyin suka miƙe kamar igiya, kansa ya fizgu baya ya bugi kujera. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, irin na wanda aka shaƙe. Ruwan ya zube a ƙirjinsa, gorar ta faɗi ƙasa tana kwarara. Twyla ta taka birki ta gangara gefen hanya.

Abin bai fi daƙiƙa goma ba. Ya dawo daidai yana numfashi da ƙyar, idanunsa sun kawo ruwa. Ta sunkuya za ta ɗauki gorar.

"Kada ki taɓa. Bakina ya taɓa ta."

Ta janye hannunta. Injin na aiki, babu mota gaba babu baya, alkama ta tsaya ƙyam a ɓangarorin biyu.

Ya miƙo mata hannunsa na hagu ya juya shi. A gefen ɗan yatsan manuni akwai tabo biyu ƙanana, farare, sun warke tas.

"Wanda aka tsinta a bayan coci," ya ce. "Ba a can ya fara ba. A ƙarƙashin matakalata na same shi da safe, yana rawar jiki. Na ɗauka guba ya ci. Na naɗe shi da tawul zan kai shi inuwa, ya kama ni. Ɗan ƙaramin ciwo, ko jini bai yi sosai ba. Na sa maganin aidin. Shi kuma ya ja jiki ya bi ta lungu."

"Makonni shida."

"Bakwai, ranar Litinin."

"Na kawo maka takardar." Muryarta ta fito siririya. "Ranar da sakamako ya fito na kawo maka. Da ka faɗa mini a ranar..."

"Da kin kai ni asibiti, da sun kira Wendell. Na ce bari in ga mako ɗaya. Mako ya wuce lafiya, na ce to na tsira. Wani ya wuce." Ya shafa hannun daga yatsa zuwa kafaɗa. "Ran Laraba ya fara. Kamar kiyashi na tafiya a ƙarƙashin fata, daga nan zuwa nan. Jiya da safe na haɗa kofi na kasa sha. Na zauna na sake karanta takardarki, duk abin da ke ciki ga shi a jere. Kin iya zaɓen takarda."

Ta riƙe sitiyari da hannu biyu. Ta tuna yadda ya sunkuya ya sa hannu tsirara, ba gaggawa, ba tsoro.

"Shi ya sa ka kama shi da hannu."

"Baho kaɗai zai iya kuskure. Ni kuwa ba abin da zai ƙara mini." Ya ɗan yi murmushi. "Da na so in yi abina a kujerata, ba wanda ya sani. To amma na ga na yau. Na ga yadda ya kama tayar nan. Ba shi ne ke cizon ba, Twyla, an riga an fitar da shi daga ciki. Ga ki kullum kina ƙetarowa, ga yaran layi. Ba zan zauna ni kaɗai in jira in zama haka ba."

Ɗigon farko ya faɗo a gilashin gaba, babba, sai na biyu. Ya runtse ido ya kau da kai. Ta kunna abin share gilashi, ta ga motsinsa ma na damunsa, ta kashe.

"Za mu koma," ta ce.

"Mu koma. Ki gaya wa yarinyar nan likita na yi mata ƙarya, ki ce ta yi haƙuri. Su sa safar hannu kafin su taɓa ni." Ya haɗiye yawu da ƙyar. "Wayarki na kusa?"

Ta zaro ta daga jaka ta miƙa masa. Ya girgiza kai.

"Ba zan riƙe ba. Ke za ki buga, ki buɗe murya ki ajiye a nan."

"Na yi maka alkawari."

"Ai ba ke za ki kira ba, ni ne. Yatsa kawai za ki ara mini."

Ya karanto lambar da ka, ɗaya bayan ɗaya, tana dannawa. Ta ajiye wayar a tsakaninsu, ta duba madubi, ta karya sitiyari ta juya motar a kan hanyar da babu kowa. Wayar ta yi ƙara sau huɗu kafin a ɗauka. Ana jin hayaniyar motoci a bayan muryar.

"Twyla? Me ya yi kuma?"

Mista Dreiling ya gyara zama, ya daidaita wuyan jiƙaƙƙiyar rigarsa da hannu ɗaya.

"Ni ne, Wendell," ya ce. "Tuƙi kake? To nemi wuri ka tsaya. Zan jira."